Narcan, maganin feshin hancin nan da ya kamata mu ajiye a shago da mota

'Yan uwa mazauna Bronx da Harlem da sauran unguwannin Niyok, musamman masu shaguna da masu tuƙa tasi, ina so in yi muku bayanin wani ɗan magani da nake ajiyewa a shagona, sunansa Narcan, don wlh na ga amfaninsa da idona kuma na lura yawancin mutanenmu ko sunansa ba su taɓa ji ba.

Magani ne da ake fesawa a hanci idan mutum ya sha ƙwaya irin su hiroyin ko fentanil ko oksikodon ta yi masa yawa har numfashinsa ya fara tsayawa. Sinadarin da ke ciki nalokson ne, miligram 4 a kowane guda, aikinsa shi ne ya ture ƙwayar daga inda ta maƙale a ƙwaƙwalwa sai numfashi ya dawo. A watan Maris na 2023 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta amince a riƙa sayar da shi ba tare da takardar likita ba, yanzu kana shiga kemis ka saya kamar panadol, kwali ɗaya guda biyu ne a ciki, kuɗinsa lokacin da ya fara shiga kemis a 2023 wajen dala 45 ne. To ni gaskiya kuɗin nan ya yi wa talaka yawa, amma ma'aikatar lafiya ta birnin Niyok tana bayarwa kyauta tare da ɗan horo, nawa ma a can na samu, cikin wata 'yar jaka.

Abin da ya fi burge ni shi ne sauƙinsa. Ɗan farin roba ne da bai cika tafin hannu ba, ka ɓare ledar, ka kwantar da mutum rigingine, ka zura bakin a hancinsa guda ɗaya har yatsunka su taɓa hancin, ka danna da babban yatsa, shikenan. Amma don Allah kar ka ce bari ka gwada ka ga ko yana fesawa, danna ɗaya ne kawai a cikinsa, kana gwadawa ya ƙare. Kuma ka kira 911 nan take, idan minti 2 zuwa 3 ya wuce bai motsa ba ka buɗe na biyun ka sa a ɗaya hancin.

Wani yaro ne ya faɗi a gefen shagona da yamma, ba zai wuce sa'an ƙanena ba, mutane sun kewaye shi wasu na cewa barci yake wasu na ɗaukar bidiyo, shi kuwa wani irin minshari yake yi kamar ana shaƙe shi, leɓensa ya yi fari fat ya koma kalar toka (mu baƙaƙen fata haka yake nunawa, ba lallai ka ga shuɗi ba), na ɗaga fatar idonsa na ga ƙwayar idon ta tsuke ta zama 'yar mitsitsiya. Na murza masa ƙashin ƙirji da ƙarfi bai ko motsa ba. Hannuna na rawa na fesa masa, kafin motar asibiti ta iso ya ja wani dogon numfashi ya buɗe ido, sai amai, sai zufa, har da faɗa wai wa ya taɓa shi. Wannan fushin kar ya ba ka mamaki, maganin ne ya yanke masa mayen lokaci guda jikinsa ya rikice. Ka juya shi ta gefe kar aman ya shaƙe shi, kuma kar ka bari ya tashi ya tafi, don ƙarfin maganin minti 30 zuwa 90 ne, fentanil na iya daɗewa fiye da haka a jiki ya sake kayar da shi.

Yana da iyakarsa fa. Ba ya aiki a kan giya ko hodar ibilis ko wannan maganin dabbobin zailazin da ake gaurayawa da ƙwaya yanzu, amma duk da haka a fesa, in babu ƙwayar a jikin mutum ba abin da zai yi masa na illa. Masu tasi kuma kar a bar shi cikin mota ranar zafi sosai ko lokacin ƙanƙara, a riƙa duba ranar da zai daina aiki.

Abin da ke damuna shi ne mu kanmu. Sai ka ji ana cewa ai wannan matsalar turawa ce, ko kuma me ya haɗa ni da 'yan ƙwaya. A 2022 sama da mutum 100,000 ne suka mutu a Amurka saboda miyagun ƙwayoyi sun yi musu yawa, a birnin Niyok kaɗai sama da 3,000, kuma Bronx inda muke zaune ita ce kan gaba. Yaranmu a makarantun nan suke, ƙwayar bogi guda ɗaya da aka sa wa fentanil, wanda ya ninka hiroyin ƙarfi kusan sau 50, ta isa ta kashe yaron da bai taɓa sha ba sai ranar. Kuma mun san yadda tramol da kodin suka yi wa matasa a gida har gwamnatin Najeriya ta hana maganin tari mai kodin a 2018, ba baƙon abu ba ne a wajenmu, kunya ce kawai take sa mu yi shiru. Wasu kuma tsoron 'yan sanda ne saboda takardu, to jihar Niyok tana da doka tun 2011 da ke kare wanda ya kira agaji daga tuhumar riƙe 'yar ƙwayar da aka samu a wajen, kuma kowa yana da izinin ɗaukar Narcan.

Na riga na yi wa malam magana a masallacinmu a gayyato masu horon nan wata Asabar bayan azahar, su zo da jakunkunan a raba wa maza da mata. Wanda yake da shago kuma ya ajiye nasa kusa da akwatin kuɗi inda yaran shago ma za su gani, ya nuna musu yadda ake dannawa.