Lauya ko Wakilin Ƙungiya: Wa Ya Fi Dacewa da Ɗaukaka Ƙarar Diyyar Tsohon Soja a Amurka?

'Yar'uwa, kin bayyana cewa maigidanki ya yi aikin soja a Amurka har an tura shi Iraƙi, ya nemi diyyar nakasa a Ma'aikatar Kula da Tsofaffin Sojoji, wadda aka fi sani da VA, sai aka ba shi makin nakasa kashi 20 cikin 100, wanda da shi ake lissafa diyya, a kan ciwon baya, aka ƙi amincewa da matsalar numfashi da kuma firgicin da yake fama da shi tun dawowarsa. Kina tambaya ko ya ɗauki lauya, ko kuwa ya ci gaba da wakilin ƙungiyar tsofaffin sojojin da ya cike masa takardun farko. A ganina, wasiƙar hukuncin ce za ta raba gardama, domin a cikinta VA ta rubuta dalilin ƙin kowace buƙata, kuma dalilin ne yake nuna irin hannun da ake bukata.

Kafin kwatancen, ku duba ranar da ke jikin wasiƙar. Yana da shekara ɗaya daga wannan rana ya ƙalubalanci hukuncin. Idan ya yi haka cikin wa'adi, ranar da ya fara nema tana nan daram, duk abin da aka ƙara masa daga baya za a lissafa ariyas ɗinsa tun daga can. Idan shekara ta wuce, ƙofa ba ta rufe ba, amma galibi lissafin zai fara ne daga sabuwar ranar da ya sake nema, kuɗin watannin baya kuma sun tafi.

Tun 19 ga Fabrairu 2019, lokacin da dokar gyaran ɗaukaka ƙara ta 2017 ta fara aiki, hanyoyi uku ne a gabansa. Akwai sake gabatar da buƙata tare da sabuwar hujja, da fom 20-0995. Akwai neman wani babban jami'i ya sake duba fayil ɗin yadda yake, ba tare da ƙarin ko takarda ɗaya ba, da fom 20-0996. Sannan akwai kai ƙara gaban Hukumar Ɗaukaka Ƙara ta Tsofaffin Sojoji da ke Washinton, da fom 10182, inda alƙali zai duba. A nan ma mutum zai zaɓa ko a yanke hukunci da abin da ke cikin fayil, ko a ba shi kwana 90 ya kawo hujja, ko a saurare shi baki da baki, wanda shi ne layin da ya fi tsawo. Lauya da wakilin ƙungiya duk suna da ikon bin waɗannan hanyoyi uku.

Ta fuskar kuɗi, wakilin ƙungiya kyauta yake aiki. Ƙungiyoyi irin su DAV da VFW da American Legion, da kuma ofisoshin tsofaffin sojoji na jihohi da gundumomi, ba sa karɓar ko kwabo, ana naɗa su da fom 21-22. Lauya kuwa doka ta hana shi karɓar lada a kan buƙatar farko, sai bayan VA ta yanke hukunci, wato daidai matakin da kuke yanzu. Yawanci yarjejeniyar ita ce ba nasara, ba biya, kuma daga ariyas kaɗai ake cire ladan, ba a taɓa kuɗin wata-wata na gaba. Ƙa'idar VA ta ɗauki kashi 20 cikin 100 ko ƙasa da haka a matsayin lada mai ma'ana, abin da ya haura kashi 33 da sulusi kuma ana ɗaukarsa ya wuce kima sai an kawo hujja. Idan ladan bai wuce kashi 20 ba, VA da kanta take cirewa ta biya lauyan. A misali, ariyas na dala 30,000 zai ba lauya dala 6,000. Abin da mutane ke yawan mantawa shi ne kuɗin ɗawainiya, musamman na likitan da zai rubuta ra'ayi, yakan zo daban, don haka a tambaya tun farko wa zai biya idan ƙarar ta faɗi.

Ta fuskar aiki ne bambancin ya fi fitowa. Wakilan ƙungiya da yawa tsofaffin sojoji ne, sun san fom-fom da jami'an ofishin yanki, wasunsu ma sun fi ƙaramin lauya gogewa nesa ba kusa ba. Matsalarsu yawan jama'a: wakili ɗaya yana riƙe da fayiloli masu yawa, ba kasafai yake samun sukunin karanta tarihin jinya shafi-shafi ba, kuma ba shi da kuɗin ɗauko likita mai zaman kansa. Lauyan da ya ƙware a wannan fanni yana zaɓen ƙararraki, yana karanta fayil gaba ɗaya, yana rubuta hujjar doka, kuma samunsa ya rataya ga nasarar mai ƙara. Wannan zaɓen ma yana da ɗaci, domin idan ariyas ɗin kaɗan ne, ofisoshin lauyoyi da dama ba za su karɓa ba.

Idan aka ɗauki buƙatun maigidanki ɗaya bayan ɗaya, matsalar numfashi ce na fi ganin ba ta bukatar lauya tukuna. Dokar PACT, wadda aka sa wa hannu a 10 ga Agusta 2022, ta tanadi cewa wanda ya yi aiki a Iraƙi daga 2 ga Agusta 1990 zuwa yanzu ana ɗauka ya shaƙi hayaƙin ramukan ƙona shara na sansanonin soja, kuma cututtuka irin su asma da aka gano bayan barin aiki, da kumburin hanci ko na kogon hanci mai daɗewa, ana danganta su da aikin soja kai tsaye ba sai ya tabbatar ba. Idan dalilin ƙin shi ne babu takardar likita da ta ambaci sunan cutar, abin yi shi ne a samo takardar a sake gabatarwa. Wakilin ƙungiya zai yi wannan ba tare da an cire kashi ɗaya bisa biyar na ariyas ba.

Ciwon baya yana tsaka-tsaki. VA tana auna shi ne da iya sunkuyawa: wanda sunkuyonsa ya tsaya tsakanin digiri 30 da 60 yana samun kashi 20, wanda bai wuce digiri 30 ba yana samun kashi 40. Idan likitan da ya gwada shi bai rubuta yadda abin yake a ranakun da ciwon ya tashi ba, ko bai duba jijiyar da ke sauka ƙafa ba, wadda ake ba ta maki dabam, to akwai kuskuren da za a iya nunawa babban jami'i. Wakili mai lura zai gani, lauya ya fi tabbas.

Firgicin nan, wanda likitoci ke kira PTSD, shi ne wurin da lauya yakan ci ladansa da gumi. Ana bukatar abu uku: likita ya tabbatar da cutar, a san abin da ya haddasa ta a lokacin aiki, a kuma sami ra'ayin ƙwararre da ya haɗa su. Tun 2010 an sassauta wa wanda firgicinsa ya samo asali daga tsoron harin abokan gaba, maganarsa tana iya wadatarwa idan likitan ƙwaƙwalwa na VA ya amince kuma ta dace da inda ya yi aiki. Ma'aunin ma ba tabbaci ɗari bisa ɗari ba ne. Idan hujjoji suka yi kunnen doki, doka ta ce a ba tsohon soja. Duk da haka, rahoton gwajin da aka yi cikin gaggawa yana iya rusa komai, musamman ga mazanmu da ba su saba faɗin damuwarsu ga baƙo ba, ana tambayarsu su ce lafiya lau. Rushe irin wannan rahoto yana bukatar ra'ayin wani likita da rubutu mai ƙarfi. Ki sani kuma VA ba ta haɗa maki yadda ake tara lissafi: kashi 50 na firgici da kashi 20 na baya suna ba da 60 ne, ba 70 ba. Idan kuma cututtukan sun hana shi riƙe aiki, akwai tanadin da ake biyan mutum kamar mai kashi 100, ga wanda yake da cuta ɗaya mai kashi 60, ko jimillar 70 da ɗaya mai kashi 40. Wannan tanadi lauyoyi sun fi zaƙulo shi.

Idan Hukumar ta ƙi, kwatancen ya kusa ƙarewa. Mataki na gaba shi ne Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tsofaffin Sojoji, wadda aka kafa da dokar 1988, wa'adinta kwana 120 ne kacal, ba ta karɓar sabuwar hujja, kuma lauyoyin VA ne za su tsaya a ɗaya ɓangaren. Shiga nan ba lauya ganganci ne. Sauƙin abin shi ne idan aka yi nasara, ko aka mayar da ƙarar Hukumar saboda kuskurenta, sau da yawa gwamnati ce ke biyan lauyan, kuma shirin Veterans Consortium yana samar da lauyoyi kyauta a wannan kotu.

Akwai wasu na uku da ya kamata ku yi hattara da su: kamfanonin da ke tallar kansu a Facebook da sunan masu ba da shawara, ba su da rajista da VA, suna neman ninki biyar ko fiye na ƙarin da aka samu a wata. Duk wanda zai wakilce shi, lauya ne ko wakili, dole sunansa ya fito a jerin waɗanda ofishin babban lauyan VA ya tantance, ana iya bincikawa a intanet, kuma lauya na gaskiya zai sa ku cike fom 21-22a. Wanda ya ce ba sai an sa sunansa a takarda ba, ko ya nemi lambar sirrin shiga asusun VA, a rabu da shi.

Da ni ne, zan kai wasiƙar ga wakilin ƙungiya a kan numfashi, in kuma nuna ta ga lauyoyi biyu a kan firgici da baya, tunda yawancinsu kyauta suke duba ƙara a karon farko. Sai dai ku tambayi lauyan ko zai taƙaita wakilcinsa ga waɗannan buƙatu biyu a rubuce, domin naɗa sabon wakili yakan soke na baya, kuma idan yarjejeniyar ta haɗa da numfashi, zai ci kashi 20 a kan abin da dokar PACT ta riga ta ba maigidanki.