Komai-a-ciki a Sharm, ko ƙaramin masauki a Dahab?

Hajiya, tunda Sharm el-Sheikh kuke son kai yara kuma ejan ya nace sai otal mai "komai-a-ciki", irin wanda ake biyan ɗaki da ci da sha a dunƙule, to ni da shi da ƙaramin masauki a garin Dahab, duka biyun na ɗanɗana a Masar. Ɗaya daga ciki har yau in na tuna kuɗinsa sai na ja tsaki.

Zuwanmu na farko irin shi muka ɗauka, kwana 6 a unguwar Nabq, can arewa da filin jirgi. Muna isa aka ɗaura mana wani zare na roba a hannu, shi ne shaidar ka biya. Ranar farko kam mun sha mamaki, tebura jere da abinci iya ganinki. Kafin kwana na 3 na gane kazar jiya ce ta dawo cikin wata miya, ga shi babu yaji ko na magani, domin girkin na Turawa ne, su ne masu cika wurin. Abban yara ya koma cin burodi da ƙwai safe da yamma.

Amma ba abincin ne ya fi ƙona min rai ba. Babban abin da ke sa wannan tsari ya biya Bature shi ne giya: yana sha tun hantsi har dare ba ya ƙara ko sisi. Ke da ba kya sha, an riga an zuba kuɗinta a cikin lissafinki. Wato kina shan shayi da lemon kwalba kina taya na kusa da ke biyan barasarsa. Kuma "komai" ɗin ma suna ne. Lemon da aka matse a gabanki, kifin da za a gasa miki na musamman, tausa, hawa jirgin ruwa, zuwa Ras Muhammad kallon murjani, duk sai kin sake buɗe jaka. Ranar da muka je tsohuwar kasuwa muka yi sallah a Masallacin Sahaba, wanda aka buɗe a 2017, a can muka ci abincin dare mai daɗi, muka biya, muka biya tasi zuwa da dawowa, alhali abincin da muka riga muka biya a otal yana can wasu na ci. Asara biyu ke nan. Shi ya sa mutum yake ƙarewa a kulle cikin katanga, yana jin ƙyashin fita.

Abu ɗaya zan yaba masa, shi ma don kar in yi zalunci: in kina da ƙananan yara masu cewa "Mama yunwa" duk bayan awa ɗaya, kuma ba ki da niyyar taka ƙofar waje, za ki huta da lissafi.

Zuwa na biyu muka wuce Dahab. Daga filin jirgin Sharm tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna ce a mota, ta cikin duwatsun Sina'i. Gari ne ƙarami na Larabawan ƙauye da masunta a bakin mashigin Aƙaba, sunansa ma zinariya yake nufi. Muka kama ɗaki biyu a wani ɗan masauki mai tsakar gida, karin kumallo kawai a cikin kuɗin: wake dafaffe da suke kira ful, ƙosansu na ta'amiyya, gurasa mai zafi, shayi. Yarana da suka ga ta'amiyya cewa suka yi ai ƙosai ne aka sa wa ganye, kuma ba su yi ƙarya ba.

Dattijon da ke kula da gidan, da ya ji daga Kano muke, sai ya ce ai ya zauna da Hausawa a Makka. Washegari da la'asar ya ja Abban yara zuwa wajen mai kifi, suka zaɓo da hannunsu, aka ɗora a sikeli, aka gasa. Da na fito da kwalbar yajina daga jaka, mai gashin ya ɗanɗana, ya yi tari har da hawaye, sannan ya miƙo hannu a ƙara masa. Muka zauna a kan kilisai a bakin ruwa, rana tana faɗuwa a bayanmu, duwatsun tsallake sun yi jajir. Dattijon ya nuna su ya ce wa babbar 'yata: "Waccan Saudiyya ce." Yarinyar nan ta ƙi yarda sai da ta duba taswira a wayata. Muna nan zaune aka kira magariba, maza suka tashi, ba wanda ya hana ni shiga ruwa da doguwar rigata tun da rana, ba kuma kiɗan disko a kunne. Da muka dawo gida muka yi lissafi, har da kuɗin mota da na cin abinci a waje sau biyu a rana, bai kai abin da muka kashe a zuwan farko ba.

Ba zan ɓoye miki ba, Dahab akwai iska, kuma gaɓar tata tsakuwa ce da murjani, ba lallausan yashi irin na hoton talla ba. Amma Nabq ɗin ma haka ne: sai an bi doguwar gada ta katako kafin a kai ruwa mai zurfi, in iska ta taso kuwa su ɗaga jar tuta su rufe gadar, kowa ya koma kwamin wanka.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da 'yan ejan, musamman na Instagram da WhatsApp waɗanda ba su da ofis. Akwai dabarar da suke yi: su kama ɗaki a intanet irin wanda ake iya sokewa kyauta, su turo miki takardar da sunanki, kina tura kuɗi su soke. Sai kin isa da yara da akwatuna a ce ba a san da zuwanki ba. Kafin ki biya ragowar kuɗi, ki nemo lambar otal ɗin da kanki, ba wadda ejan ya ba ki ba, ki tambaya ko ɗakin yana nan kuma an biya. Kar ki tura kuɗi asusun mutum ɗaya. Kar tauraro 5 ya ruɗe ki, ki duba hotunan da baƙi suka ɗauka kwanan nan. In an ce ɗaki yana kallon teku, a rubuta. A can ma, masu tallar yawon buɗe ido a bakin ruwa za su ce miki kallon kifi za a je, rabin yinin ya ƙare a shagon turare inda suke da kamasho.

Ni dai shawarata, ki bar komai-a-cikin nan. Ki ɗauki masauki mai karin kumallo a Dahab, ko in lallai Sharm Alhaji yake so, ki nemi otal kusa da unguwar Na'ama ko tsohuwar kasuwa mai karin kumallo da abincin dare kawai, rana ku ci a gari. In kuwa ya kafe sai dunƙulallen, otal-otal da yawa a Masar suna da tsarin da aka cire giya daga ciki, ki ce shi kike so, kuma ki sa su tabbatar miki a rubuce cewa suna barin mata shiga kwami da kayan wanka mai rufe jiki, don wasu suna hanawa. Ku kauce wa Yuli da Agusta, zafin ba na wasa ba ne ko ga mutumin Sakkwato. Oktoba da Nuwamba sun fi. Ki saya wa yara takalman roba na shiga ruwa tun daga gida saboda murjani yana yanka, sannan ki cusa yajinki a cikin akwati.