Sulhu Ko Kotu: Diyyar Gaɓar Kwatangwalo Ta DePuy

Ana yawan tambayata: wanda aka dasa wa gaɓar ƙarfe a kwatangwalo ta lalace, ya karɓi sulhu ne ko ya je gaban alƙali?

A 2010 kamfanin DePuy, reshen Johnson & Johnson, ya janye gaɓar kwatangwalo ta ƙarfe mai suna ASR daga kasuwa bayan an dasa kusan 93,000 a duniya. Ƙarfe na gogar ƙarfe, ɓurɓushinsa na shiga jini da nama, har sai an sake tiyata.

A sulhun 2013 a Amurka, an ware kusan dala biliyan 2.5 ga mutum 8,000, ainihin kason kowa kusan dala 250,000 kafin lauya ya ɗauki rabonsa. An rage wa masu shan taba da masu ƙiba, abin da ni dai bai kwanta mini ba. Amma kuɗin tabbas ne.

Kotu kuwa caca ce. A Maris 2013 wani ya samu dala miliyan 8.3 a Los Angeles, wata guda bayan nan wata mata ta sha kaye a Chicago. Ga ɗaukaka ƙara na shekaru.

Dattijon da ke buƙatar kuɗin magani yanzu, sulhu ya fi masa. Wanda ya nakasa ƙwarai, mai cikakkun takardun asibiti da ƙarfin jira, kotu ta dace da shi.