Hoton CT na allura a Gombe: ƙurajen da ba wanda ya gargaɗe ni a kansu

Likita ne ya tura ni hoton CT na ciki, ya ce na allura za a yi, wanda ake ɗura ruwa mai sinadarin aidin ta jijiya don hanyoyin jini da kayan ciki su fito sarai. Na je wata cibiyar hoto ta kuɗi a nan cikin Gombe. Kuɗin kun san shi, ba sai na faɗa ba.

A ranar kam na yaba musu. Sai da suka duba gwajin ƙodata kafin su taɓa ni, yarinyar da ta sa mini kanula, wato 'yar robar da ake sakawa a jijiya don ɗura ruwan, kuma hannunta da sauƙi. Ta ce, "Anti, za ki ji ɗumi ya ratsa ki, bakinki ya yi ɗanɗanon ƙarfe, har ki ji kamar fitsari ya kuɓuce miki, kada ki tsorata." Haka kuwa aka yi.

Bayan kwana biyu na farka tsakar dare ina susa. Ƙirji, baya, cinyoyi, duk sun feso da jajayen ƙuraje ƙanana. Na ɗauka ƙurajen zafi ne tunda Afrilu muke ciki. Na canja sabulu, na daina cin kifi, na shafa kalamin, a banza. Dare uku ban runtsa ba, ga yara, ga aiki. Da na koma wurin likitana, tambayarsa ta farko ita ce yaushe aka yi hoton. Ya ce ruwan kan tayar wa wasu borin jini cikin awa guda, wasu kuma sai daga baya, har zuwa mako ɗaya. Ya ba ni maganin ƙaiƙayi da man shafawa, ya ce in samo sunan ruwan a rubuta a katina, domin in aka sake ɗura mini irinsa abin na iya dawowa.

A nan raina ya ɓaci. Na hau keke daga unguwar Pantami na koma cibiyar hoton da jiki yana ƙuna, mai karɓar baƙi ta kalle ni ta ce, "Hajiya, wannan ba daga wurinmu ba ne." Awa biyu ina zaune kafin wani ya rubuta mini sunan ruwan, iohexol, a ƙaramar takarda. Ina zaunen na tuna ana sauko da ni daga injin aka zare kanular aka sallame ni, alhali likitan ya ce a ƙa'ida akan ajiye mutum kamar rabin awa a ga yadda jiki zai karɓa. Da numfashina ya sarƙe a hanya fa?

Ƙurajen sun baje cikin mako guda, alhamdu lillahi, hoton ma ya fito da kyau. Amma Innarmu mai asma an rubuta mata irin wannan hoton wata mai zuwa, kuma ba can zan kai ta ba.