Gasket ɗin murfin murhun gashi mai ƙwayar itace, bayan hunturu biyu ina amfani da shi

Shekara uku ke nan da na sayi murhun gashi mai aiki da ƙwayar itace a nan jihar Minnesota ta Amurka, inda nake zaune da iyalina, kuma tun ranar da na fara kunna shi abin da ya tsaya mini a rai shi ne hayaƙin da ke sulalowa ta bakin murfi. Yana fitowa ta kusurwoyi biyu na gaba da kuma ƙarƙashin mariƙi, har wani lokaci wanda ke tserewa ta nan yakan kusa kai yawan wanda ke bi ta bututun da aka tanadar masa. Cikin 'yan watanni fentin gaban murhun ya yi baƙi ƙirin da kunkunniya, maiƙo kuma ya riƙa gangarowa layi-layi yana bushewa a jikin ƙarfe. Wannan ne ya sa na sayi ƙyallen gasket mai gam a bayansa, irin wanda ake liƙawa a bakin murfi don ya toshe kafar da hayaƙi ke bi, a kan kuɗin da bai kai dala 20 ba. Na yi hunturu biyu da shi yanzu, kuma ina ganin na san shi sanin da zai ba ni damar faɗin amfaninsa da iyakarsa.

Sai an fahimci yadda murhun yake aiki kafin a gane dalilin yoyon hayaƙin. Wani Ba'amurke mai suna Joe Traeger, wanda danginsa ke sana'ar kayan ɗumama gida a garin Mount Angel na jihar Oregon, shi ne ya ƙirƙiro wannan nau'in murhu, ya kuma yi masa rajistar mallaka a shekarun 1980. Da wa'adin rajistar ya ƙare wajen 2006 sai wasu kamfanoni suka shigo kasuwar, shi ya sa yau ake ganin Pit Boss da Camp Chef da Green Mountain da Recteq da Yoder, har Weber ma ya fitar da nasa a 2020. Duk da bambancin suna da farashi, tsarinsu ɗaya ne. Ana zuba ƙwayoyin itace, waɗanda garin katako ne da aka matse ya zama kamar abincin kifi, a cikin wani mazubi da ke gefe. Wani ƙarfe mai murɗiya irin na injin markaɗe yana tura su kaɗan-kaɗan zuwa ƙaramin kasko a tsakiyar murhun, sandar lantarki ta kunna su, fanka kuma ta yi ta hura musu iska ba tsayawa. Na'urar sarrafa zafi tana karanta ma'aunin da ke ciki, idan zafi ya sauka ta ƙara ƙwaya, idan ya hau ta rage.

Fankar nan ita ce mabuɗin zancen. Tun da kullum tana cusa iska ciki, iskar da ke cikin murhun ta fi ta waje matsi, don haka dole ta nemi hanyar fita, kuma duk kafar da ta samu za ta bi. A murhun itace na gargajiya bututun hayaƙi ne ke jawo iska, saboda haka kafa a bakin ƙofa tana iya shigo da sanyi ta ɓata wutar. A nan kuwa turawa ake yi daga ciki, abin da ke faruwa a kafar galibi fita ce. Yawancin murhunan masu matsakaicin farashi ana yin murfinsu da falle ɗaya na ƙarfe da aka lanƙwasa, ya kwanta kai tsaye a kan wani ƙarfen ba tare da komai a tsakaninsu ba, kuma zafi da sanyi na yau da gobe suna ƙara karkatar da shi. Saboda haka ganin hayaƙi a bakin murfi ba alamar lalacewa ba ne, haka aka ƙera su.

Ƙyallen da na saya an yi shi ne da wani nau'in zaren aramid mai jure zafi, wanda aka fi sani da Nomex, sunan da kamfanin DuPont ya ba nasa tun shekarun 1960, kuma da irin wannan zare ake ɗinka kayan 'yan kwana-kwana da na direbobin tseren mota. Ba ya narkewa, sai dai ya fara ƙonewa idan zafi ya kai wajen digiri 370 a ma'aunin Salshiyas, alhali yawancin waɗannan murhunan iyakarsu digiri 260. Faɗin ƙyallen rabin inci ne, kaurinsa kusan milimita 3, naɗi ɗaya kuma ya kai mita huɗu da rabi, wanda ya ishe ni har da saura. Akwai wani nau'in da ake yi da zaren gilashi, irin na ƙofar murhun ɗumama ɗaki, ya fi jure zafi, amma na guje shi domin idan ya tsufa yana zubar da ƙananan zaruruwa, ni kuwa ba na son abu irin wannan a saman naman da 'ya'yana za su ci.

Liƙa shi ba ya ɗaukar minti ashirin, amma wanke wurin ya cinye mini kusan yini. Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci, domin gam ba ya kama maiƙo ko kaɗan. Na kankare busasshen maiƙon da reza, na wanke da ruwan zafi da sabulu, na bar shi ya bushe, sannan na goge da sifirit har sau uku, sai da farin tsumma ya daina ɗauko launi. Kafin in liƙa sai na yi gwajin takarda: na saka tsiririyar takarda a bakin murfi na rufe, na ja ta, wuri bayan wuri. A baya, kusa da inda murfin ke haɗe da jikin murhun, takardar ta ƙi fitowa sai da ƙarfi, a kusurwar gaba ta hagu kuwa ta zare kamar ba a rufe komai ba. Wannan gwajin ya cece ni daga kuskuren da mutane da yawa ke yi, wato zagaye murfin gaba ɗaya da gasket mai kauri ɗaya. Idan aka sa mai kauri a bayan, inda dama babu kafa, sai ya tokare murfin ya ɗaga gabansa, yoyon ya ƙaru maimakon ya ragu. Ni gefe biyu da gaba kawai na liƙa wa, na bar bayan yadda yake, na yanka kusurwoyin a karkace da almakashi domin su haɗu ba tare da ɗaya ya hau kan ɗaya ba, sannan na rufe murfin na ɗora masa bulo biyu ya kwana a haka.

Abin da ya gyara a fili yake. Na farko, tsabta. Gaban murhun ya daina yin baƙi, kuma na daina tsayawa da hawaye a ido duk lokacin da iska ta juyo da hayaƙin wajena, domin yanzu kusan dukkansa ta bututu yake fita. Na biyu, kuma wanda ya fi daraja a wurina, shi ne daidaituwar zafi a lokacin sanyi. Watan Janairu a Minnesota ba abin wasa ba ne, akwai ranakun da sanyi ke sauka ƙasa da digiri 20 a ƙarƙashin sifiri, ga iska mai yanka fuska. Kafin in sa gasket, idan na saita murhun a digiri 107, wanda shi ne zafin da aka fi gasa ƙirjin sa da haƙarƙari a hankali, nakan ga lambar tana hawa da sauka da tazara mai faɗi, ina jin ƙarfen turawa yana ta juyi yana zuba ƙwaya don ya cike gurbin zafin da ya tsere. Bayan na sa shi tazarar ta ragu ƙwarai, ɓangaren hagu da ke saurin hucewa ya matso kusa da na dama, buhun ƙwaya mai nauyin kilo 9 kuma ya riƙa daɗewa fiye da da. Sai dai in faɗi gaskiya, a tsananin hunturu zafin da ke fita ta jikin falle ɗaya na ƙarfe ya fi wanda ke fita ta bakin murfi, don haka bargon murhu mai jure zafi da na ƙara daga baya ya yi aikin da gasket shi kaɗai ba zai iya ba. A lokacin bazara kuwa, kamar sa'ad da nake gasa cinyar ragon layya, da kyar nake ganin wani bambanci a yawan ƙwayar da ke ƙonewa.

Inda na ga ana ruɗin mutane shi ne batun ɗanɗano. Masu tallar irin wannan kaya sukan nuna cewa hayaƙin da ke tserewa ɗanɗano ne ke tafiya a banza, kuma idan an tare shi nama zai ƙara ƙamshi. Ni ma da wannan fatan na saya, amma ban same shi ba, kuma da na yi tunani sai na ga babu dalilin da zai sa a same shi. Hayaƙin da ya iso bakin murfi ya riga ya ratsa ta kan naman, kuma fanka tana kawo sabo a kowane daƙiƙa, saboda haka ko ta bututu ya fita ko ta kafa, abin da nama zai ɗauka ya riga ya ɗauka. Dalilin da ya sa gashin waɗannan murhunan ba ya da ƙarfin ƙamshin hayaƙi irin na balangun da aka gasa a kan itace shi ne wutarsu tana samun isasshiyar iska tana ci tas, musamman idan an ɗaga zafi. Wanda ke son ƙarin ƙamshi ya fara gashin da ƙaramin zafi na awa biyu ko uku, ya ɗora naman da sanyinsa da damshinsa domin hayaƙi ya fi kama irin wannan, ya zaɓi ƙwayar itace mai ƙarfin ƙamshi kamar ta bishiyar hickory ko mesquite, ko ya ƙara ɗan bututun ƙarfe mai huji-huji da ake cikawa da ƙwaya a kunna a gefe. Na gwada waɗannan duka, kuma kowannensu ya canza ɗanɗano fiye da yadda gasket ya yi.

Aibin ƙyallen da na saya yana wajen gam ɗinsa. Zaren yana jure zafi, amma gam ɗin bai kai shi ba. A ƙarshen shekarar farko, bayan na yi ta ɗaga wuta zuwa ƙarshenta don gasa kaji da tsire, sashen gaba ya fara ɓanɓarewa daga kusurwa, ya riƙa lilo duk lokacin da na buɗe murfi. Na cire wannan sashen, na sake wanke wurin, na liƙa sabo da jan gam ɗin silikon mai jure zafi wanda aka rubuta a jikinsa cewa ya dace da wurin abinci, na ba shi awa 24 ya bushe, sannan na kunna murhun babu komai a ciki na awa guda kafin in sake ɗora nama. Tun daga lokacin bai motsa ba. Wani abin kuma shi ne ƙyallen yana shan maiƙo, a hankali ya taurare ya kwanta, don haka kada a ɗauka abu ne na dindindin. A ganina duk wanda ke gashi kowane mako ya sa ran canza shi bayan shekara biyu. Yana da kyau kuma a karanta takardar garanti tukuna, domin wasu kamfanoni ba sa ɗaukar nauyin murhun da aka yi wa ƙari.

Akwai gargaɗin da nake ɗauka da muhimmanci fiye da duk abin da na faɗa. Da zarar mutum ya ga bakin murfi ya toshe, sai sha'awa ta kama shi ya toshe sauran kafofi, ya murɗa hular bututun hayaƙi ƙasa har ta kusa rufewa, da nufin tara hayaƙi a ciki. Wannan kuskure ne mai haɗari. Iskar da fanka ke turawa tana buƙatar mafita, idan aka hana ta, hayaƙin da ya daɗe a ciki yana sa nama ɗaci, wutar tana iya mutuwa ƙwaya ta taru a kasko ta kama gaba ɗaya daga baya, ko kuma zafi ya koma da baya ta cikin bututun turawa zuwa mazubin ƙwaya. Tun da gasket ya rufe hanyoyin da iska ta saba bi, bayan sa shi ne ma ya kamata a ƙara buɗe hular bututun a kuma riƙa share kunkunniyar cikinsa. Murhunan da ba su da bututu, waɗanda ke fitar da hayaƙi ta kafofin baya, kada a taɓa waɗannan kafofin ko kaɗan. Haka nan kada wani ya ga hayaƙi ya ragu ya ɗauka zai iya shigar da murhun gareji saboda sanyi, domin iskar guba mai kisa da wuta ke fitarwa ba ta da launi ba ta da wari, kuma gasket ba ya rage ta.

Sau ɗaya na ga hayaƙi yana fitowa ta murfin mazubin ƙwaya, wata safiya a watan Fabrairu, kuma laifin nawa ne, domin na yi gashi huɗu a jere ban kwashe tokar kasko ba. Na kashe murhun ta hanyar da aka tsara, na bar fanka ta gama zagayenta har ƙwayar da ke kasko ta cinye, na jira ya huce, sannan na kwashe ƙwayoyin na zuƙe toka da garin da ya taru a bakin bututun turawa. Ƙwayoyin da ke kusa da bakin sun yi baƙi har tsawon ɗan yatsa. Tun daga ranar nake zuƙe tokar bayan kowane dogon gashi, kuma kafin sanyi ya shigo a watan Oktoba nakan sake gwajin takarda a kusurwoyin murfi, in ga ko akwai sashen da ya kwanta yana buƙatar sabo.