Katifar iska ga kakar da ciwon daji ya kwantar: amfaninta da inda take gazawa

Idan ciwon daji ya ci ƙarfin tsohuwa, na mama ne ko na bakin mahaifa, akan kai lokacin da likitocin Asibitin Koyarwa na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato ko na Cibiyar Lafiya ta Tarayya (FMC) a Gusau za su ce a koma gida a ci gaba da jinya. A gidan ne wani ciwon kan ɓullo wanda ba shi ya kai ta asibiti ba, wato gyambon kwanciya. Jiki ya rame, ƙashi ya matso kusa da fata, nauyi ya danne wuri ɗaya har jini ya daina kai wa. Matan da ke wankan gawa sun san shi sarai, kuma 'ya'ya da jikoki da yawa shi ne abin da ke ci musu rai duk lokacin da suka tuna kwanakin ƙarshe na kakarsu. Don hana shi aka yi katifar iska, kuma a ganina ta cancanci kuɗinta, amma da sharuɗɗa.

Wadda aka fi samu a shagunan kayan asibiti na Birnin Kebbi da Gusau ita ce mai ƙulle-ƙulle kamar faifan ƙwai. Tsawonta kusan mita 2, faɗinta santimita 90, kaurinta bai wuce santimita 7 ba. A kwalin akwai katifar, da ɗan injin hura iska, da tiyo mai baki biyu, da facin liƙe huda. Ƙulle-ƙullen layi biyu ne: injin ya cika wannan layi ya sassauta wancan, bayan 'yan mintuna ya juya. Ta haka babu inda nauyi ke daɗewa a kai. Akwai wata mai dogayen bututu jere, ta fi kauri, ta fi tsada, kuma idan bututu ɗaya ya fashe shi kaɗai za a canja. Idan gyambo ya riga ya buɗe, ita ce ta fi dacewa. Mai ƙulle-ƙulle ta riga-kafi ce.

Kafin a biya kuɗi, a sa mai shago ya jona ta a gabanka. A duba bayan injin a ga an rubuta 220 zuwa 240V, domin cikin na gwanjo akwai 'yan Amurka masu 110V, da an sa su a wutarmu sun ƙone.

Ba a shimfiɗa ta a kan tabarma ko siminti. Katifar soso ake fara sawa, ta iskar a sama, bakin tiyo ta wajen ƙafa, a rataye injin a ƙarshen gado. A bar ta ta cika kamar minti 20 kafin a kwantar da Hajiya. A nan mutane suka fi kuskure: suna murɗa maɓallin har ƙarshe, suna ganin tauri shi ne kyau. Tsohuwar da ba ta kai kilo 45 ba, katifa mai tauri dannarta take yi. Gwajin shi ne a zura tafin hannu ƙarƙashin katifar iskar daidai ɗuwawu. Idan ka ji ƙashinta a tafinka, a ƙara iska. Idan akwai taushin iska kamar kaurin yatsu biyu, ta yi daidai. Zanin gado na auduga ɗaya ya isa, kada a ɗaure shi tamau, kuma kada a jibga bargo da leda da zannuwa a kai, don duk abin da aka ƙara yana rage aikinta.

Babbar matsalarta a wajenmu wuta ce. Da an ɗauke, iska ta fara zurarewa, kafin a ankara maras lafiya tana kan leda. Abin sauƙin shi ne injin ba ya cin wuta, yawanci bai wuce wat 10 ba, don haka ƙaramin batirin sola da inbata sun isa su riƙe shi har safe. Wanda ba shi da wannan tanadi, gara ya sa kuɗinsa a katifar soso mai kyau da matasai. Sai zafi. Daga Maris zuwa Mayu, sa'ad da zafin Kebbi ke haura digiri 40, ledar tana tara gumi, fata mai laima kuwa ta fi saurin salewa, dole a riƙa canja zani da ya jiƙe. Lokacin hunturu ƙura ke toshe ɗan soson da ke tace iska a jikin injin, a ciro shi a kakkaɓe duk mako. Huda kuma daga allurar ɗinki take zuwa, ko tartsatsin kaskon turaren wuta, ko jikoki da ke hawa suna tsalle. A shafa ruwan sabulu, inda kumfa ya taso nan hudar take, a busar a liƙa faci.

Abin da mai shago ba ya faɗa shi ne katifar ba ta ɗauke wa kowa juyi ba. Duk awa biyu a juya maras lafiya, dama, rigingine, hagu, a ɗan kishingiɗe da matashi a baya maimakon a ɗora ta a kan ƙashin ƙugu kai tsaye. Matashi ɗaya tsakanin gwiwoyi, ɗaya ƙarƙashin ƙwauri don diddige ya tashi daga katifa, saboda diddige ne inda wannan katifa ta fi gazawa. Idan ciwon dajin ya shiga ƙashi, mutum biyu za su juya ta da zani, ba a jan hannu ko ƙafa. Maganin zafin da likita ya rubuta a ba ta kamar rabin awa kafin wanka ko canjin famfas. Kuma a riƙa yi mata magana, a ce, "Inna, za mu juya ki dama," ko da ba ta iya amsawa.

Kullum safe da yamma a duba ƙasan baya, ƙugu, diddige, kafaɗa da ƙeya. A baƙar fata ba a cika ganin ja ba. Abin nema shi ne wurin da ya fi sauran duhu ko sheƙi, ko ya yi ɗumi, ko tauri. Kada a murza shi, kada a gasa da ruwan zafi, a ɗauke nauyi daga kansa kawai. Man kaɗe yana da kyau ga busasshiyar fata, amma ba a sa shi cikin miki. Idan wurin ya buɗe, ko yana wari, ko zazzaɓi ya biyo baya, a nemi nas ko likita a ranar.

Bayan Allah ya karɓi abarsa, gidaje da yawa kan ba da katifar ga wani majinyaci a matsayin sadaka ga mamaciyar. A fara wanke ta da sabulu, a goge da Jik kashi ɗaya cikin ruwa kashi 30, a shanya a inuwa don rana tana busar da ledar ta tsage. A naɗe ta ba tare da an karya bakin tiyon ba, a haɗa da facin da ya rage, sannan a nuna wa masu karɓa gwajin tafin hannu kafin su tafi da ita.