Mayar da Lasifikar Tsakiya ta Dama da ta Hagu: Abin Dubawa Kafin a Biya Kuɗi

Duk wanda ya saba leƙa kasuwar gwanjo ta Sawarikh a Jidda, ko manhajar Haraj a wayarsa, ya san cewa lasifikar tsakiya, wato doguwar nan da ake kwantarwa a ƙarƙashin talabijin, tana yawan fitowa kasuwa ita kaɗai ba tare da 'yan uwanta ba. Shi ya sa wasu daga cikin mutanenmu mazauna Makka da Jidda suke tambaya ko za a iya sayen irinta guda biyu ko uku a yi amfani da su a dama da hagu, maimakon tagwayen da aka ƙera domin wannan aikin. Ana iyawa, har ma a wasu ɗakunan ta fi, amma da sharaɗin a tsayar da ita, kada a bar ta a kwance.

A gidajen sinima, ciki har da waɗanda aka buɗe a Saudiyya tun daga watan Afrilu na 2018, lasifiku uku iri ɗaya ake jerawa a bayan allon majigi mai ƙananan huduji, domin kada muryar ɗan wasa ta canza idan ya ratsa daga wannan gefe zuwa wancan. Kwanciyar ta tsakiya a gida larura ce kawai, saboda gilashin talabijin ba ya barin sauti ya wuce, sai aka matse ta a ƙasansa.

Yawancin waɗannan lasifikun bakuna uku gare su: manya biyu a gefe da gefe, da ƙarami a tsakaninsu mai fitar da siririn sauti. Wanda ya zauna daidai gabanta yana jin manyan biyun a lokaci guda, amma da ya matsa gefe sai ɗaya ya fi kusa da kunnensa, sautin ɗaya ya riƙa kashe na ɗayan. Tsawon zangon sauti a 2,000 Hz, wato sautin da ke kaɗawa sau 2,000 a daƙiƙa, kimanin santimita 17 ne, don haka bambancin santimita 8 ko 9 a nisan bakunan biyu da kunne ya isa ya dusashe muryar mai magana, kuma idan tazarar bakunan ta kai santimita 30, mutumin da ke nesa da mita 3 zai fara jin haka da ya goce da kamar mita ɗaya. Wannan matsala ta fi shafar gidajenmu na nan, domin majalisar da ake shimfiɗawa a jikin bango tana watsa mutane ne a gefe uku na ɗakin, mutum ɗaya ko biyu ne kawai suke fuskantar talabijin sosai. Idan aka kwantar da irinta guda biyu a dama da hagu, ba wanda zai zauna daidai gaban kowace, har da maigida.

Da an tsayar da ita kuwa, sai aibin ya koma amfani. Bakunan sun jeru daga sama zuwa ƙasa, irin tsarin da injiniyan Amurka Joseph D'Appolito ya bayyana a 1983, sautin ya bazu dama da hagu, ya kuma ragu ta sama da ƙasa. A ɗaki mai tayil da rufin kankare wannan alheri ne, domin amsa-kuwwar da ke dawowa daga ƙasa da sama tana raguwa. Sai dai wajibi ne ƙaramin bakin ya yi daidai da kunnen mai sauraro, kuma kunnen wanda ke zaune a kan katifar majalisa bai kai tsayin na wanda ke kan kujera ba, don haka a auna kafin a sayi abin ɗorawa. A kuma tuna cewa gefen da za ta tsaya a kai siriri ne, wasu ma a lanƙwashe yake, kuma gidan da ke da yara ba ya rasa mai ja.

Ba kowace ake tsayarwa ba. Akwai mai bakuna huɗu wadda aka ɗora ƙaramin bakinta a kan matsakaici, ita wannan a kwance ta fi kyau, juya ta ɓata ta ne. Masu ƙaramin baki a cikin cibiyar babba, irin na kamfanin KEF, ba ruwansu da kwanciya ko tsayuwa.

Idan aka kwatanta da ƙananan tagwaye na kan kanta, ta tsakiya ta fi ɗaukar ƙara saboda manyan bakunanta biyu, amma ita ɗaya-ɗaya ake sayar da ita, su kuma biyu-biyu, don haka sabuwa a shago irin eXtra ko waninsa, da harajin kashi 15 cikin ɗari a kai, ba lallai ta fi araha ba idan aka ninka kuɗinta. Dogaye masu tsayawa a ƙasa sun fi su duka kaurin sauti, kuma su ne zaɓin wanda ba zai sayi sabufa ba, wato lasifikar da ke fitar da rugugin sauti kawai. Ita ta tsakiya ba a ƙera ta domin rugugi ba, saboda haka dole a haɗa ta da sabufa, a saita risiba, wato na'urar da ke ƙarfafa sauti ta raba wa lasifiku, ta tura wa ta tsakiyar abin da ya haura 80 Hz kawai, kamar yadda ƙa'idar kamfanin tantance sauti na THX ta tanada. A gidan haya na bene, inda maƙwabci ke ƙasa, wannan ma ya fi, tunda ana iya rage sabufa bayan isha'i ba tare da muryoyi sun ɓace ba.

Kafin ciniki a duba bayan akwatin. Idan an rubuta om 4 (om shi ne ma'aunin yadda lasifika take tare wutar da ke shigarta), to ta fi mai om 8 jan wuta, kuma guda uku za su ɗumama ƙaramar risiba, musamman wadda aka kulle a cikin kabad a zafin Jidda. Idan ramin iskarta a baya yake, tana buƙatar tazara daga bango. A kayan gwanjo a taɓa zoben da ya kewaye babban baki, domin na soso yana ruɓewa idan ya daɗe a sito mai zafi, a kuma kara kunne a ƙaramin bakin a tabbatar yana aiki, domin shi ne ya fi saurin ƙonewa. Lasifika kanta ba ruwanta da wutar gida, amma risiba ko sabufa da aka shigo da ita daga Amurka ta wuta mai volt 120 ce, alhali yawancin gidajen nan 220 zuwa 230 ne.

A ganina, wanda ya samu guda uku samfuri ɗaya, yana da sabufa, kuma yana da wurin tsayar da biyu a gefen talabijin, ya saya kada ya yi jinkiri. Wanda ya samu biyu na kamfani daban-daban kuwa, ko wanda kantarsa ba za ta ɗauke su ba sai a kwance, ya bar su ya nemi ƙananan tagwaye, ya shaida wa risiba cewa babu ta tsakiya, ita za ta raba muryar tsakanin dama da hagu har zuwa lokacin da kuɗin ta ukun za su samu.